Me Ya Sa Ƙwallon Nama Ya Makara Zuwa Illela?

Kusan duk abin da ake buƙata domin a yi ƙwallon nama mai yaji ana samunsa a Illela da kewayenta ba tare da an yi nisa ba. Rago dai ba a maganarsa. Kasuwar dabbobi ta Illela, wadda ke ci ranar Lahadi, tana cikin manyan ƙofofin da tumakin Nijar ke bi su shigo Najeriya, tun daga uda mai gaba baƙi ko ja da baya fari, har zuwa balami mai dogayen ƙafafu da lanƙwasasshen hanci. Galmi, garin da ya ara wa albasar nan mai ruwan hoda sunansa, wadda ake nema har Abijan da Akara, yana gabas da Birnin Ƙwanni a kan hanyar Maraɗi. Tafarnuwa ana nomanta a fadamun Wurno da Goronyo. Citta da kanumfari da masoro da kimba suna nan jibge a gaban masu kayan yaji. Turmi da taɓarya babu gidan da ya rasa su, kuma hannun Bahaushiya ya daɗe da sanin mulmule, domin da shi take cura fura da dawo da ƙuli-ƙuli.

Duk da haka, idan aka jero tsofaffin girke-girken nama na ƙasar Hausa, wato tsire da balangu da kilishi da dambu da ragadada da farfesu da langaɓu, za a ga kowanne yana da sunansa na yanka. Ƙwallon nama ba shi da irin wannan suna. Abin da ake kiransa da shi siffantawa ce kawai, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a riga an san sunansa ba, a ce "mai jar hula". Wasu matan birni ma da sunansa na Turanci suke kiransa. Ga kaya a wadace, ga gwaninta a hannu, amma girkin bai zauna ba sai a baya-bayan nan. Dalilin wannan jinkiri yana cikin zafin ƙasar, da yadda ake cinikin nama, da kuma layin da Turawa suka ja tsakanin Illela da Ƙwanni.

Hausa ta karɓi makamin, ta bar girkin

A Gabas ta Tsakiya girkin tsoho ne ƙwarai. Kalmar kufta, wadda ake amfani da ita daga Masar zuwa Turkiyya zuwa Indiya, ta fito ne daga Farisanci, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da aka daka. Littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ, wanda aka tattara a Bagadaza a ƙarni na 10, yana da girke-girke na dakakken nama. Wanda Muhammad bin Hasan al-Bagadadi ya rubuta a 1226, shekara 32 kafin Mongol su rusa birnin, cike yake da miyar da ake jefa wa curin dakakken jan nama mai kayan ƙamshi. Wani curin ana yin sa da girman lemu, wani kuma ɗan ƙarami.

Shi ɗan ƙaramin ne yake da labari. Larabawa sun kamanta shi da bunduƙ, wani ɗan itace mai ɓawo wanda ƙwayarsa ba ta fi ta gurjiya girma ba. A Andalus sunan ya manne wa girkin, shi ya sa har yau mutanen Sifaniya ke kiran ƙwallon nama albondiga. Da wannan kalma kuma Larabawa suka riƙa kiran 'yan dunƙulen yumɓu da ake harba wa tsuntsaye, daga nan ta koma kan harsashi, daga harsashi ta koma kan makamin da ke harba shi, bunduƙiyya. Ita ce ta ƙetaro Sahara ta zama bindiga a bakin Bahaushe. Ke nan albondiga ta Sifaniya da bindiga ta Hausa tsatsonsu ɗaya. Abin sha'awa kuma, da Hausa ta zo raɗa wa girkin suna, hanyar da Larabci ya bi ita ma ta bi: ƙwallo tun asali na goruba ne da na giginya, kafin ya zama wanda ake bugawa a fili.

Ba za a ce ƙofar kicin ɗin Hausa a rufe take ga Larabawa ba. Alkama da albasa da alkubus da gurasa da alkaki da kanumfari duk sunayensu daga Larabci suke, kuma fataken Gadamus da Tarabulus sun zauna a Kano da Katsina da iyalansu shekara da shekaru. Abincin alkama ya samu gindin zama. Na dakakken ɗanyen nama bai samu ba.

Bambancin yana cikin jerin aikin. Bahaushiya tana daka nama, amma sai bayan ta dafa shi. Dambun nama haka ake yin sa: a dafa tsoka da albasa da kayan yaji har ruwan ya tsotse, a zuba a turmi a daka har zaren naman ya warware, sannan a soya har ya bushe ƙayau. Mai yin kufta kuwa ɗanye take dakawa, ta cura, sannan ta kai wuta. Wannan ɗan sauyi na gaba da baya shi ne ya raba abincin da zai yi makonni a kwano da wanda ba zai kwana ba.

Ƙwayoyin cuta a kan fatar yankan nama suke zama, can cikin tsoka kuwa kusan babu su. Shi ya sa gashi ke wadatar da balangu, domin wuta tana fara cin wurin da haɗarin yake. Da zarar an niƙa naman ɗanye, abin da ke waje ya shige ciki, kuma kowace 'yar tsoka ta zama fili mai danshi da ƙwayoyin za su hayayyafa a kai. Sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas. Hukumomin kula da lafiyar abinci na Amurka suna cewa kada a bar irin wannan nama a waje fiye da awa biyu, idan kuwa zafi ya haura digiri 32 to awa ɗaya. A Sakkwato da Illela, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Mutanen da ba su san sunan ƙwayar cuta ba, amma sun san naman da ya juya, kuma sun san wanda ke saurin juyawa.

Saboda haka fasahar nama ta wannan yanki ta tafi ne wajen tsare shi daga lalacewa. Kilishi ana yanyana shi siriri kamar takarda, a shanya a rana, a tsoma a kwaɓin tunkuza da yaji, a sake shanyawa, sannan a haska shi a wuta. Guzurin fatake ne da mahajjatan ƙasa, waɗanda tafiyarsu ta watanni ce ko shekaru. Naman layya ma haka. A mazhabar Malikiyya, wadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta yaɗa a makarantun zaure, rago ne ya fi falala a layya, ya sha gaban sa da raƙumi, kuma ba a sayar da komai na dabbar. Wato a rana ɗaya kowane gida mai hali yana samun nama fiye da abin da zai iya ci, ba shi kuma da damar mai da shi kuɗi. Amsar Sakkwatawa ita ce tareni: a feɗe rago, a buɗe shi gaba ɗaya a kan sanduna, a jera shi da na maƙwabta kewaye da wuta, zafi da hayaƙi su yi ta aiki a hankali har ruwan jikinsa ya tsane. Haka ake yi a ƙetaren iyaka, daga Ƙwanni har Yamai. Washegari a yayyanka, a raba, a soya saura a adana cikin kitsensa. A irin wannan tsari babu gurbin girkin da ke ƙara wa nama saurin lalacewa.

Ido a kan tsoka

Akwai dalili na biyu, shi kuma na kasuwa ne. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya iso Kano a Janairun 1824 kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a watan Maris, ya bar bayanin mahautar kasuwar Kano. Ya ga masu gashi sun kewaye wuta da tsinkaye, an jera tsoka da kitse bi da bi, wanda ko shakka babu tsire ne. Ya kuma lura da dabarun wasu mahauta: su tsaga nama domin kitse ya fito fili, su hura masa iska ya kumbura, wani lokaci har su manna ɗan gashin tunkiya a cinyar akuya domin wanda bai sani ba ya saya a matsayin naman rago. Ya ce ba su bar wa mahautan ƙasarsu komai ba wajen wayo.

Wannan ɗan labari yana nuna abu biyu. Naman rago ya fi na akuya daraja tun a lokacin, har ya kai a yi masa jabu. Kuma makamin mai saye guda ɗaya ne, wato idonsa. Yana duba launin tsoka da farin kitse da ƙashi da 'yar fatar da aka bari. Mahauta, waɗanda a Sakkwato ake kira Rundawa, sana'arsu ta gado ce, suna ƙarƙashin Sarkin Fawa, wanda alhakin hana yanka dabba mara lafiya ko shigo da mushe yake wuyansa. Amma Sarkin Fawa ba ya tsaye a kan kowane faifai. Niƙaƙƙen nama yana ƙwace wa mai saye wannan makami ɗungurungum. Ba a gane rago ne ko akuya, cinya ce ko tarkacen wuya da jijiya, yankan yau ne ko na jiya. Mutumin da ya saba nuna yankan da yake so da yatsa, ya tsaya a yanka a gabansa, ba zai yi saurin sayen abin da aka riga aka markaɗa a bayan idonsa ba. Idan za a yi, sai dai a gida, a turmi, kuma daka ɗanyen nama mai jijiya aiki ne mai cin ƙarfi wanda sakamakonsa ba ya wuce cin dare ɗaya.

Layin da ya raba kicin biyu

Kafin zuwan Turawa, Ƙwanni da ƙasar da Illela take a yau duniya ɗaya ce. A Ƙwanni kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna bayan tasowarsu daga Futa Toro, kuma garin ya shiga ƙarƙashin daular Sakkwato bayan jihadin da aka fara a 1804. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta Yunin 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, ta ce duk abin da ke cikinta na Ingila ne. A takarda ke nan Ƙwanni tana ɓangaren Ingila lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka mata a Mayun 1899, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Faransa ta koka cewa bakan ya tura ta cikin ƙasar da babu rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Aka sake zama a 1904, aka kammala a 1906, aka janyo layin kudu. Ƙwanni ta faɗa hannun Faransa, ƙauyukan da ke kudu da ita da 'yan kilomitoci suka zauna a hannun Ingila.

Layin bai raba dangi ba, bai hana aure ba, bai kuma tsayar da garken tumaki ba. Abin da ya yi shi ne ya mai da ragon Adar da Azawak hajar ƙetare, ya kuma ɗora Illela, mai nisan kilomita 80 da 'yan kai arewa da Sakkwato, a kan mashigar ciniki. Ya kuma haɗa kowane ɓangare da kicin ɗin wani Bature daban. Faransawa mutanen niƙaƙƙen nama ne. Kukunsu da barikokin sojansu da makarantun kwanansu sun bar wa ƙasashen da suka mallaka dogon burodi da naman da ake niƙawa a soya a cusa a cikinsa, da kuma curin nama ko kifi da ake kira bulet, wanda ake ci daga Dakar har Yamai. Injin niƙa nama na hannu, mai marfin juyawa, wanda ya bazu a Turai a ƙarni na 19, shi ya sauƙaƙa aikin da taɓarya ke wahala a kansa.

A ɓangaren Najeriya hanyar daban ce. 'Yan Labanan da Siriya, waɗanda Hausawa ke kira Kwara, sun yawaita a Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, suka zo da kafta da kibbe, kuma kukun da suka yi musu aiki Hausawa ne da yawa. Aikin hajji da umara, musamman tun da jirgin sama ya maye gurbin tafiyar ƙasa, ya sa dubban mata sun ɗanɗana girkin a Makka da Madina da Jidda. Sai darasin girki a makarantun 'yan mata, sai shirye-shiryen talabijin, sai kuma masu koyar da girki a Instagram da TikTok da YouTube, waɗanda suka sa shi cikin jerin kayan buɗa-baki na azumi tare da samosa. Ƙaramin gari na kan iyaka kamar Illela yana samun iska daga ɓangarorin biyu: amarya daga Ƙwanni ko Tawa ta zo da nata salon, 'yar makaranta daga Sakkwato ta dawo da nata.

Abin da ya fito daga wannan haɗuwa ba kuftar Bagadaza ba ce, ba kuma bulet ɗin Faransa ba. Yajin ne ya mai da shi ɗan gida. Shi kansa yajin tarin tarihi ne: masoro da kimba 'yan asalin dazukan Afirka ta Yamma ne, citta mai yatsu ana kawo ta daga kudancin Kaduna, kanumfari asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya kafin a dasa shi a Zanzibar a ƙarni na 19, barkono da gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli da ita kuwa daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492.

Wadda ta iya girkin takan nemi tsokar kafaɗa ko cinya, da kitse kamar kashi ɗaya cikin biyar, domin tsoka zalla tana bushewa ta yi tauri. Kitsen rago yana da ƙarni, kuma a nan ne citta da kanumfari da tafarnuwa ke yin aikinsu. Kanumfari kaɗan ake sa wa, ƙwaya biyu ko uku sun ishi rabin kilo, in ya yi yawa sai ya danne komai. Albasa ana gurza ta a matse ruwanta, don ruwan ne ke sa curin ya tarwatse a mai. Gishiri ba don ɗanɗano kawai ake sa shi ba: idan aka murza shi da naman na 'yan mintuna, yana janyo wani sinadari mai yauƙi daga cikin tsoka, wanda shi ne ke riƙe curin ko da babu ƙwai. A nan turmi ya fi inji, domin daka yana fitar da wannan yauƙi fiye da yanka, kuma shi ne ainihin ma'anar kufta tun farko. Wasu suna soyawa kai tsaye, wasu su fara sulalawa a ruwan zafi mai gishiri sannan su soya sama-sama, wasu su jefa cikin miyar tumatir ya ƙarasa a ciki. Ko ta wace hanya, tsakiyar curin ce abin lura. Balangu mai ɗan ja a ciki ba laifi, amma niƙaƙƙen nama sai zafin cikinsa ya kai digiri 71, wato babu sauran ja.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a bidiyon girki ba, alhali shi ne ya fi damun uwar gida: ƙwallon nama yana auki. Rabin kilo idan aka yanka shi gunduwa-gunduwa, da ƙyar ya zagaya babban gida. Idan aka niƙa shi, aka cura da nauyin giram 20 kowanne, an samu 25, kuma da ɗan jiƙaƙƙen burodi ko dafaffen dankali sai adadin ya ƙaru ba tare da an ji bambanci sosai ba. Kowane yaro ya samu nasa daidai da na ɗan'uwansa, ba mai ƙorafin an ba shi ƙashi. Girkin da ya shigo a matsayin kwalliyar 'yan birni yana da wannan fuska ta biyu, kuma ita ce ta fi dacewa da shekarun nan.

Domin farashin rago a Illela ba a Illela kaɗai ake yanke shi ba. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, dabbobin Nijar sun yi araha ga mai naira. Da naira ta faɗi a 2016, ta sake faɗuwa warwas bayan Yunin 2023, lissafin ya juya, makiyayin Adar ya ga kuɗin da yake karɓa a Illela ba su da nauyi idan ya mai da su sefa. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, sai a Disambar 2020 aka buɗe huɗu, Illela na cikinsu tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, Najeriya ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Firij da injin ƙanƙara, waɗanda su ne suka sa niƙaƙƙen nama ya zama abin da za a iya ajiyewa a ƙasa mai wannan zafi, suka koma akwatuna. Ba a buɗe iyakar ba sai Maris ɗin 2024. A Mayun 2025 kuma, ana saura makonni Babbar Salla, gwamnatin Nijar ta haramta fitar da dabbobi domin farashi ya sauka a cikin gida.

Dabbobi ba su daina ƙetarowa gaba ɗaya ba, domin layin da aka ja a 1906 dogo ne kuma hanyoyin jeji suna da yawa, amma kowane zagaye da kowane shinge yana hawa kan kuɗin ragon. Magidanta da yawa da suka saba yanka nasu sun koma watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa a raba kashi-kashi. Kason watanda kuwa tsoka ce da ƙashi da kayan ciki a gauraye, ba zaɓi. Wadda ta nufi yin ƙwallo da shi sai ta tsince tsokar, ta cire jijiya, kuma da yake naman sa bai kai na rago maiƙo ba, sai ta aika wurin mahauci a sayo mata ɗan kitsen rago ta haɗa kafin ta zuba a turmi.